CIWON DAJI NA DUBURA: Dalilin Da Ya Sa A Kan Yi Gashi Kafin Tiyata

Jama'ar ƙasar Wudil, masu gida da matan gida, dominku aka buga wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke cikinta magana ce da mutane ke jin nauyin faɗa, amma jin nauyin nan ya kashe mutane da yawa waɗanda da an gan su da wuri da sun warke. Saboda haka za mu faɗe ta a fili.

MENE NE WANNAN CIWO?

Abincin da muka ci ya kan bi ta ƙaramin hanji, ya shiga babban hanji, sa'an nan abin da jiki bai so ba ya taru a ƙarshen babban hanjin kafin a fitar da shi. Wannan ƙarshen hanji tsawonsa kamar santimita 15 ne, watau inci shida. Nan ne ciwon da mu ke magana a kansa ya ke tsirowa. Waɗansu na ce masa sankara, waɗansu kansa.

Yawanci ya kan fara ne da ɗan tsiro ƙarami a bangon hanji, ba zafi, ba ciwo. Ya kan yi shekaru a haka. Daga baya ya rikiɗe ya zama daji, ya ci bangon hanjin, ya shiga kitsen da ke kewaye da shi da 'yan kaluluwan da ke cikin kitsen. In aka bar shi, sai ya bi jini ya tafi hanta ko huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da dajin babban hanji da na dubura, fiye da 900,000 kuma suka mutu da shi. A Turai yawanci ciwon tsofaffi ne. A ƙasarmu kuwa likitoci na ganinsa ga mutane da yawa waɗanda ba su kai shekara hamsin ba, kuma mafi yawansu ba su zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa.

Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta shiga masai ɗaya. Amma ya kan bi jini a waɗansu gidaje. In mahaifin mutum ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya yi shi, ya kamata ya gaya wa likita.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

A nan wajenmu, da mutum ya ga jini a bayan gida sai a ce basir ne, ko atini, ko ɗan kanoma. Sai a sayo jiƙo ranar Juma'a a kasuwa, ko a kira wanzami. Basir gaskiya ne, yana kuwa da yawa. Amma daji ma haka ya ke farawa, kuma mutum ɗaya ya iya samun su duka biyu. Ga alamun da ba a wasa da su:

1. Jini ko majina a bayan gida, ya tafi ya dawo.
2. Canjin bayan gida wanda ya wuce mako uku: zawo yau, gobe ƙin fita.
3. Mutum ya riƙa jin nishi, ya je ya tsuguna, ya taso yana ji kamar bai gama ba.
4. Bayan gida ya riƙa fitowa siriri ba kamar da ba.
5. Rama ba dalili, da kasala, da fari a ido da tafin hannu saboda ƙarancin jini.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi Babban Asibitin Wudil, ko asibitin da ya fi kusa da shi. Likita zai sa safar hannu ya taɓa wurin da yatsa. Wannan awo ba ya cin minti biyu, amma da shi a kan gano da yawa daga cikin dajin dubura, domin sau da yawa yana kusa da ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace in ta fi son mace ta duba ta, ta faɗa, ba laifi ba ne.

AWO KAFIN MAGANI

In likita ya ji abin da bai yarda da shi ba, zai ba da takarda zuwa Kano, wajen kilomita 40 daga Wudil, ko Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can za a zura wani siririn bututu mai fitila a duba cikin hanjin, a gutsuro ɗan nama kaɗan a kai ɗakin awo. Sai an auna naman nan a ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba ne. Gutsurar ba ta sa ciwon ya yaɗu.

Bayan wannan sai a ɗauki hoton ƙugu da na'urar da a ke kira MRI, da hoton ƙirji da na ciki. Likitoci na neman amsar tambaya uku: Ina ciwon ya ke, kusa da ƙofa ko can sama? Zurfinsa nawa? Ya tafi wani wuri ko bai tafi ba? Da amsoshin nan a ke zaɓen magani. Shi ya sa mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, a yi wa wannan tiyata nan da nan, wancan a ce ya fara zuwa gashi.

TIYATA ITA CE UWAR MAGANI

Ga mafi yawan masu wannan ciwo, warkewa tana wajen yanke shi a fitar. A da likitoci su kan yanke hanjin, amma su bar ɓurɓushin ciwon a cikin kitsen da ke kewaye. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya sake tsirowa a ƙugu, da azaba mai tsanani. A shekarar 1982 wani likita a Ingila, sunansa Heald, ya bayyana hanyar cire hanjin tare da kitsensa duka a cikin tantaninsa, ba tare da an huda tantanin ba. Kowane mahauci ya san irin wannan aiki. In zai cire maɗaciya daga hanta, a hankali ya ke bi, ya fitar da ita ɗungum, don in ta fashe ta ɓata nama. Wannan hanya ita ce a ke koya wa likitocin tiyata yanzu.

To, amma in ciwon ya riga ya keta bangon hanji, ko ya kai bakin tantanin, wuƙa kaɗai ba ta isa ba. A nan ne a ke bukatar magani kafin tiyata.

DON ME A KE FARA GASHI?

Manomi in zai tone kututture a gona, ya kan fara cinna masa wuta. In ya ci ya ragu, tonon ya yi sauƙi, saiwoyin kuma ba su sake tohuwa. Haka gashi ya ke. Gashin asibiti ba wuta ba ne, wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Mutum ya kan kwanta a kan gado 'yan mintoci kaɗan, na'ura ta auna wurin ciwon ta haska shi. Ba ya jin kome a lokacin. In ya fito ba ya cutar da kowa, ya iya ɗaukar jikansa, ya ci abinci da iyalinsa.

Ba da ka aka yarda da wannan ba, sai da aka gwada. A ƙasar Suwidin an raba marasa lafiya fiye da 1,100 kashi biyu, aka ba da sakamako a shekarar 1997. Waɗanda aka yi wa tiyata kawai, cikin kowane ɗari ciwon ya sake tsirowa a ƙugun 27. Waɗanda aka fara yi wa gashi, 11 ne kawai. A ƙasar Holan aka sake gwadawa da mutum fiye da 1,800, wannan karo da sabuwar hanyar tiyata. Bayan shekara goma, ciwon ya koma wa 11 cikin ɗari na marasa gashi, da 5 cikin ɗari na masu gashi. Watau ko da an iya tiyata sosai, gashi ya kan rage dawowar ciwon da kamar rabi.

Wani zai ce, me zai hana a yanke tukuna, a yi gashin daga baya? An gwada wannan ma a Jamus da mutum fiye da 800, aka ba da sakamako a 2004. Waɗanda aka gasa kafin tiyata, ciwon ya dawo wa 6 cikin ɗari. Waɗanda aka gasa bayan tiyata, 13 cikin ɗari. Wahala mai tsanani ta gashin ta sami 27 cikin ɗari na farkon, da 40 cikin ɗari na biyun. Tsawon rai kuwa bai bambanta ba. Daga nan aka tsaya a kan cewa in za a yi gashi, a yi shi da farko.

HANYOYI HUƊU

Hanya ta ɗaya: gajeren gashi. Kwana biyar a jere, ba tare da wani magani ba. Sa'an nan a yi tiyata cikin mako ɗaya, ko a jira mako huɗu zuwa takwas. Wani gwaji da aka yi a Suwidin, aka ba da sakamakonsa a 2017, ya nuna waɗanda aka jira sun fi samun sauƙi: matsala bayan tiyata ta sami 41 cikin ɗari nasu, da 53 cikin ɗari na waɗanda aka yanka nan da nan. Amfanin wannan hanya ga mutumin ƙauye a fili ya ke, zaman baƙunci ba ya yin tsawo.

Hanya ta biyu: dogon gashi tare da magani. Kwana biyar kowane mako, har mako biyar ko shida, mutum na shan ƙwayar maganin daji ko ana sa masa ta ruwa. Sa'an nan a huta kamar wata biyu kafin tiyata. A ƙasar Foland an kwatanta wannan da gajeren gashi mai tiyata nan da nan, da mutum 312. Dogon gashi ya fi narkar da ciwo: cikin ɗari, 16 ba a sami sauran daji ba a abin da aka yanko, a gajeren kuwa kamar 1 ne. Amma ya fi wahalarwa, 18 cikin ɗari da 3 cikin ɗari. Yawan waɗanda aka tsirar wa da ƙofar bayan gidansu kusan ɗaya ne, haka kuma tsawon rai. Saboda haka a kan zaɓi dogon gashi ga babban ciwo wanda ya kafe, wanda sai ya ragu wuƙa za ta iya kewaye shi.

Hanya ta uku: a ba da dukan magani kafin tiyata. Watau gashi, sa'an nan ƙarin ruwan maganin daji na wata huɗu ko biyar, tiyata ta zo daga ƙarshe. An gwada wannan a ƙasashe bakwai da mutum fiye da 900 masu ciwon da ya yi ƙarfi, aka ba da sakamako a 2021. Ciwon ya narke sarai ga 28 cikin ɗari, a maimakon 14 na dogon gashi. Yaɗuwa zuwa hanta da huhu ta ragu daga 27 zuwa 20 cikin ɗari. Amma da aka ci gaba da binsu, a 2023 aka ga dawowar ciwon a ƙugu ta ɗan fi yawa gare su, 10 cikin ɗari da 6 cikin ɗari. Kowace hanya da ribarta da hasararta.

Hanya ta huɗu: maganin ruwa kaɗai, ba gashi. A 2023 aka ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada da Suwizalan, da mutum fiye da 1,100 masu matsakaicin ciwo wanda bai sauko kusa da ƙofa ba. An ba su maganin ruwa na wata uku, aka ajiye gashi ga wanda ciwonsa bai ragu ba. Tara cikin goma ba su bukaci gashin ba, kuma bayan shekara biyar lafiyarsu daidai ta ke da ta masu gashi. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasa irin tamu inda na'urar gashi ba ta da yawa. Amma ba ta kowa ba ce, hoton MRI ne zai nuna wanda ta dace da shi.

Wanda aka gano nasa tun yana ƙarami, sau da yawa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Tiyata kawai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

BABBAN KUSKURE

Ga inda a ke hasarar mutane da yawa. Bayan gashi jini ya kan tsaya, nishi ya daina, mutum ya ci abinci ya yi ƙiba. Sai ya ce ya warke. Ga damina ta faɗi, ga kuɗi sun ƙare, ga tsoron wuƙa. Sai ya ƙi komawa ranar da aka sa masa. Bayan waɗansu watanni ciwon ya dawo, wani lokaci ya wuce inda za a iya yankewa. Kuɗin gashi da wahalarsa sun tafi a banza.

Ku riƙe wannan: tsayawar jini ba warkewa ba ce. Ga mafi yawan mutane, bayan gashi akwai sauran daji a ɓoye.

Gaskiya ne akwai waɗanda nasu ya kan narke duka. Wata likita a Birazil, Angelita Habr-Gama, ta nuna a 2004 cewa irin waɗannan ana iya ƙyale su ba tiyata, a sa musu ido. Amma likita ne ke tabbatar da haka da yatsa da bututu da hoto, kuma tilas mutum ya riƙa komawa awo kowane wata uku ko huɗu a shekarun farko. Kamar ɗaya cikin huɗu nasu ciwon ya kan sake tsirowa cikin shekara biyu, a yi musu tiyata a lokacin. Wanda ya zauna a gida ya ɓace wa likita ba wannan hanya ya ke bi ba.

WAHALAR DA ZA A GANI

Ba za mu ɓoye muku ba, maganin nan yana da wahala. Gashi ya kan kawo zawo, da zafin fitsari, da saɓulewar fata a wurin, da gajiya. Ƙwayar magani ta kan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsattsage. Wani maganin ruwa ya kan sa yatsu su yi dundurus, sanyi kuma ya riƙa tsira su, musamman da hunturu. Yawancin waɗannan su kan wuce. Zawo mai yawa, ko zazzaɓi, ko amai da ya hana shan ruwa, a koma asibiti a ranar.

Gashin ƙugu ya kan tsayar da al'ada da haihuwa ga mace, ya kan rage haihuwa da ƙarfin namiji. Mai sauran bukatar haihuwa ya faɗa wa likita tun kafin a fara, da mijin da matar su zauna tare a yi musu bayani. Bayan tiyata kuma waɗansu su kan riƙa zuwa bayan gida sau da yawa, har watanni. Rauni a wurin da aka gasa ya kan daɗe bai warke ba. In zazzaɓi da ciwon ciki suka taso cikin kwanakin farko bayan tiyata, ta yiwu ɗinkin hanji ne ya saki, a gaya wa ma'aikata nan take.

MAGANAR JAKA

Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne a fito da hanji ta gefen ciki a maƙala jaka. Jakar iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda a ke yi don ɗinkin hanji ya huta ya warke. Bayan wata biyu ko uku a kan mayar da hanjin. Akwai ta dindindin, ga wanda ciwon ya ci naman da ke riƙe ƙofar bayan gida. Wanda hanjinsa ya toshe ma a kan fara yi masa jaka kafin a soma gashi.

Mai jaka yana noma, yana kasuwa, yana zama da iyalinsa. Riga na rufe ta. Game da tsarki da salla, malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar da ba ta yankewa. Ya tambayi limaminsa. Kada kunyar jaka ta sa mutum ya ƙi abin da zai tsirar da ransa.

SHIRIN GIDA

Ba kowane asibiti ke da na'urar gashi ba. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Na'ura kuwa ta kan lalace, layi ya kan yi tsawo. Kada a kama hanya sai likitan da ya ba da takarda ya bincika inda a ke aiki da ranar da za a karɓe ku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dangi su zauna tun da fari su tambayi likita tsawon maganin duka da kuɗinsa, daga awo har tiyata. In za a sayar da sa a kara, a san cewa gashi rabin hanya ne, a ajiye na tiyata. A zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya zama ɗan jinya, ya riƙe takardu duka a jaka ɗaya. A nemi wanda zai kula da gona. Mara lafiya ya ci abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nono, ganye. Ya bar taba. Kada ya haɗa jiƙo da maganin asibiti sai ya nuna wa likita.

ABIN TUNAWA

1. Jini a bayan gida, a je asibiti a duba. Kada wanzami ya yanka abin da ba a auna ba.
2. Ƙaramin ciwo tiyata kaɗai ta kan ishe shi. Babba a kan fara da gashi ko magani, ko duka biyu.
3. Ba hanya ɗaya da ta fi ga kowa. A tambayi likita dalilin da ya zaɓi wannan, da abin da zai biyo baya.
4. Kada a tsallake ranar gashi ko ɗaya.
5. Ko an ji sauƙi, a koma ranar da aka sa.
6. Bayan tiyata a ci gaba da zuwa awo har shekara biyar.

Dagatai da masu unguwa da limamai, a taimaka a karanta wannan takarda a majalisa da ƙofar masallaci. Matan gida kuma a karanta wa juna. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.